Sa Hannun da ke Kan Dala Ashirin

Na san hannun nan.
Na san yadda harafin farko yake miƙe wuya
kamar zakara a kan katanga,
sauran su biyo shi a guje, kai a sunkuye,
wutsiya ta ƙare da ɗigo ɗaya
kamar an tofar da ƙwallon dabino.

Shekara goma sha ɗaya ke nan,
a Toledo, bakin kogin Maumee,
ya zo mini cikin farar ambulan.
Layi huɗu. Muna godiya da hidimarki.
Mu dubu da ɗari biyu muka sami irinta
ranar da aka kashe tanderun gilashi
wanda bai taɓa hucewa ba tun kakana yana saurayi.
Kwana tara wutar ta yi tana mutuwa.
Stanislaw, mai gadin ƙofar arewa, shi ya ƙirga.

Bara sai ga shi a talabijin ɗin shago,
Corwin Hadley, da jan laktaye,
'yan majalisar dattawa suna masa tambayoyi
irin na surukan da suka riga suka karɓi sadaki.
Wani ya ce, me ka sani game da talaka?
Ya ce, na san lissafi, lissafi kuwa ba ya ƙarya.
Aka kaɗa ƙuri'a kafin kofi ya huce,
aka miƙa masa makullin baitulmali.

Ɗana Tobiah ya ce, Mama, ki yi adalci,
mutumin ya iya aikinsa,
ya tarar da kamfani a gargara, ya tashe shi.
Na ce, gaskiyarka.
Likita ma in ya yanke ƙafa
cewa yake majinyaci ya rayu.
Ba wanda ya koma ya tambayi ƙafar.

Yanzu ina bayan kanta a shagon Pruitt,
madara, batir, abincin kyanwa.
Jiya da yamma, dusar ƙanƙara na narkewa a bakin ƙofa,
wata yarinya mai jar hula ta miƙo dala ashirin,
sabuwa fil, ko lanƙwasa babu.
Idona ya sauka ƙasa, gefen dama:
ga zakaran, ga wutsiyar, ga ɗigon.

Na ɗaga ta sama wajen fitila
kamar mai neman jabu.
Layi ya tsaya, wani ya yi gyaran murya.
Ba jabu ba ce.
Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ke nan.

Ba tsanarsa nake ba, na tsufa da wannan nauyi.
Tambaya ce da ni, guda ɗaya,
wadda dattawan ba su yi ba:
in lissafin ƙasa ya ƙi fita,
wa za a aika wa ambulan?
Tsofaffi? Masu sandar guragu? Ohio baki ɗaya?
Ƙasa ba ta da ƙofar arewa
da za a garƙame, mai gadi ya tafi gida.

Na ba yarinyar canjinta, sha uku da 'yan sulalla.
Da na tashi aiki na musanya takardar da tsofaffi biyu daga jakata.
A gida na buɗe gwangwanin biskit,
na shimfiɗa ta kusa da wasiƙar a kan teburin kicin.
Hannu ɗaya ne, bai ko tsufa ba.

Ranar Litinin zan kai ta kuɗin haya.
Mai gida ba ya karanta suna,
lambar da ke kusurwa kawai yake dubawa.