Shawarar Mai Tura Katun a Bakin Kasuwar Dole

Miƙo katinka, Tasi'u, zauna kan benci,
kuran ya dawo, ba mu san sa'ar tafiyarsa ba.
Dala ashirin ka kawo? To, zaɓa da hankali,
kada ka sayi dogon suna da gajeren labari.

Sunayensu na Japan sun fi ƙarfin harshena,
ni na raɗa musu nawa, ba rago, ba goro.

Akwai Sarkin Ihu.
Naushi guda, kashi uku ana kai shi.
Hannu na sama, sai yaro ya tuno kakarsa,
ya tuno ranar da aka hana shi shinkafa,
shayinka ya huce, naushi bai sauka ba.
Kashi ɗari huɗu. Na ƙannenka ne.
In kana da aikin yi, tsallake shi.

Akwai 'Yan Taliya,
wa da ƙane da gadon rumfa ɗaya,
shekara bakwai suna faɗa kan gishiri.
Tururin kwanon nan, wallahi, zane ne,
amma Ilu tela ya kalla da azumi,
ya zo nan da la'asar yana zagina.
Wannan ka ɗauka. Bayan shan ruwa.

Na ƙattin ƙarfe masu tafiya kamar bene,
ban gane kansa ba, ban gane gindinsa ba.
Maman Sani mai walda a Zango ya rantse
kowace ƙusa a wurinta take.
Shi ƙusa yake kallo, ka ga ba ma musu.

Wancan na 'yan lakwal, a'a.
Labarin ba laifi, telansu ne ya yi rowar yadi.
Ba a kallonsa a zaure.
Tambayi Harisu yadda salularsa ta kwana a randa.

Rubutun faransanci na gudu a ƙasa
kamar ɗan kabu-kabu ya hango jandarma.
Ka karanta, fuska ta wuce,
ka kalli fuska, magana ta wuce.
Kalla sau biyu, ba a ƙara kuɗi.

Yanzu matso.
Wanda nake so ba na tallarsa.
Yarinya ce mai kai wasiƙa a kwalekwale,
tsibiri zuwa tsibiri, kashi goma sha biyu,
ba takobi, ba tsafi, ba mai tashi sama.
Ruwa kawai. Ruwa kan laima, ruwa kan rufi,
ruwa na zuba, ba wanda ya tara bokiti.
Na kalle shi watan da famfon Birni ya yi shiru,
jarkata ce ta ashirin da uku a layi,
duwatsu na amayar da rana har tsakar dare.
Na toshe kunne da waya, na rufe ido,
na bar musu hoton, na ɗauki yayyafin.
Balki ta ce, mutum da gemunsa!
Kwana biyu na kama ta da shi cikin gidan sauro.

Sai dai in gaya maka gaskiya,
kashin ƙarshe ba ni da shi.
A rabi ya tsaya, ranar da rezo ya ɗauke.
Yarinya na riƙe da wasiƙar da ba suna a bayanta,
ta ɗaga hannu za ta buga wata ƙofa,
nan ta daskare. Wata biyar ke nan.
Ilu ya ce uwarta ce a ciki.
Balki ta ce gidan ba kowa.
Ni na daina neman sauran.

Ga katinka. Na sa maka shi kyauta, ƙarƙashin taliya.
In ka kai ƙofar, dawo ka faɗa min wa ka gani.

Kash, kuran ya tafi.
Na baya, sai gobe.