Me Suka Kamo?

Na isa asibitin Valparaíso
hannuna bai rabu da ƙarnin kifi ba.
Shekara talatin ina ɗinkin koma a bakin teku,
na san allura, allura ta san ni,
amma ba ta taɓa neman hanya a jikina ba sai yau.

Likita Maureira ta shafa mai sanyi
a gefen nonon hagu,
ta ce, "Eliana, dubi allon."
Na duba. Teku ne da asuba,
toka-toka, yana numfashi,
can ƙasa wani baƙin abu ya lafe
kamar dutsen da ke yaga mana koma.

"Ba yanka," in ji ta.
"Ƙofar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba."

Sai ga farin layi ya kutso daga gefe,
sannu sannu,
yadda Baltasar ke shigo da kwalekwale cikin hazo.
Ƙas!
Na zabura. Ba zafi, ƙarar ce kawai.
Sau huɗu.
Tsoka siririya kamar zare
ta nutse a 'yar kwalba mai sunana.

Ta bar ɗigon ƙarfe a ciki,
kamar gorar da muke bari kan ruwa
don kada wurin ya ɓace mana.

Filasta ɗaya. Ƙanƙara a rigar mama.
"Ban da ɗaukar nauyi. Alhamis za mu sani."

Baltasar na bakin ƙofa yana murza hularsa.
Ya ce, "Me suka kamo?"
Na miƙa masa jakata,
na ce, "Ba a buɗe komar ba tukuna."