Layin Farko Babu Zare

Ranar farko ba a ba mu yadi ba.
Takarda aka miƙo, da layi a zane,
allura tsirara, babu zare.
Malama Shefali ta ce, ku bi layin,
kada ku dubi allura, ku dubi inda za ta.

Na taka, keken ya koma da baya.
Na sake takawa, ya yi tari ya tsaya.
Toyoba ta toshe baki da mayafi,
dariyar tana yoyo ta gefe.
Mu goma sha bakwai, keke shida,
rufin tamfol na ɗiga kan na uku,
sai su zama biyar in ana ruwa.
A Kutupalong kuwa, yaushe ne ba a ruwa?

Da yamma na ɗaga takardata ga hasken ƙofa.
Huda kan huda, a karkace,
kamar sawun masu tafiyar dare
a gonar shinkafa, ba fitila, ba magana.
Na san wannan layin.
Kwana tara na bi shi da goyo
daga bayan Maungdaw zuwa bakin Naf.

Ni fa ba baƙuwar ƙulli ba ce.
Shekara goma sha uku ina gyaran tarun Zafor Alom,
yana barci, ina kama masa ramuka.
Amma taru, rami ake ɗinkawa
a bar wa ruwa hanya.
Riga ba ta son rami.
Sai da na koya wa yatsuna rowa.

Mako na uku ƙafata ta gane:
ashe kwale-kwale ne, gaba, baya,
ba a faɗa da shi, binsa ake.
Aka ba mu zare.
Na tsinka shi sau ashirin kafin azahar.

Ranar awo na kira Ayas.
Tsaya, miƙe hannu, daina motsi.
Na ɗora tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa,
na karanta, na sake karantawa.
Wannan ne na tsallako da shi a bayana?
Katin abinci bai faɗa mini ba,
layin famfo bai faɗa mini ba,
sai tef ɗin aro, mai goge-gogen lamba,
ya ce mini shekarun sun tafi.

A ƙasan buhu akwai zanen uban,
shuɗi mai gidan dara,
shi kaɗai ya iso da mu.
Da ƙanshin gishiri yake yi.
Yanzu hayaƙi, kamar kowa.
Na shimfiɗa shi, na zana da alli,
na ɗauki almakashi, na ajiye.
Na ɗauka, na ajiye.
Malama Shefali ta zo wucewa, ba ta ce komai ba,
ta dai danne mini gefen yadin da tafinta.
Ƙaras.
Ban san yadi na da murya ba sai ranar.

Hannun hagu ya fi na dama tsawo.
Wuyan ya ɗan kama shi.
Maɓalli huɗu, uku farare, ɗaya na rigar Toyoba.
Ya ce lallai sai da aljihu.
Na ce me za ka sa a ciki?
Ya ce ke dai ɗinka.

Yau da safe ya gangara tudu cikin taɓo,
yana tattare da gefen rigar kada ta ɓaci,
daga baya, in ka ƙanƙance ido,
kafaɗar wani ce da na sani.
Ban kira shi ba.

Maƙwabciya ta aiko da siket, kalmasa ta warware,
taka talatin, in ji ta, rabi yau, rabi in an raba shinkafa.
Na ce to.
Allura ce cikin ruwa, an ce mai rabo ka ɗauka.
Ruwa dai ga shi nan ko'ina.
Bari in je da wuri, kafin a riga ni keke na biyu,
shi ne ba ya cin zare.