Hannaye a Tashar Gabas

A Budapest manyan tashoshinmu uku ne:
Gabas, Yamma da Kudu.
Ba mu da ta Arewa, ba kuma wanda ya taɓa cigiya.

Shekara ashirin da shida ina bayan gilashi a Keleti,
wato Gabas, ina tura tikiti ta 'yar kafa.
Hannaye na sani, ba fuskoki ba:
mai zobe, mai karkarwa, mai siminti a farce.

Kada suna ya ruɗe ka.
Mai zuwa Debrecen, can gabas,
Nyugati zai nufa, tashar Yamma.
Déli ta masu hutu ce,
'yan tafkin Balaton da kwandunan guzuri.
Mu na Gabas, yamma muke sallamar mutane.

Ran wata Talata hannun Zsombor ya shigo ta kafar.
Na gane shi, ni na fara yanke masa farce.
"Vienna, Inna. Zuwa kawai."
Na ce haɗe da na dawowa ya fi araha.
Ya yi dariya.
Na buga, na ƙirga masa canji daidai,
don na bayansa sun fara tsaki.

Jirgin da kullum sai an gaji da jiransa,
ran nan ko minti ɗaya bai ƙara ba.

Yanzu in almuru ta yi,
tattabaru na sauka ƙarƙashin rufin ƙarfe,
lasifika ta ce na Vienna ya iso layi na tara.
Ba na ɗaga kai.
Hannaye nake dubawa.