Gindin Kofi

Ni ne mai ido ɗaya a filin ƙwallon Kangire,
mai zama a hagun raga
don na daman ya kwashe wasan duka.
Yara na ce min Koci, ban taɓa koya wa kowa bugu ba.
Akwati nake riƙewa: auduga, filasta, almakashi,
da kofin roba uku da ba a shan ruwa da su.

Shekara ashirin da shida ke nan
da gwiwar hannun wani ɗan Kantoga
ta tarar da ni a sama, muna rige-rigen sa kai.
Na ga walƙiya ranar da babu ko gajimare.
Aka taru a kaina, kowa da hannunsa.
Wani ya buɗe fatar da yatsa ya hura,
wani ya murza min da bakin riga,
Inna Tabawa ta aika a tatso nonon mai jego,
da dare aka ɗiga ruwan ganye, aka ɗaure tamau da ƙyalle.
Kwana tara ana kiɗan ganga a cikin kaina.
Da muka isa Birnin Kudu
likita ya haska, ya daɗe yana haskawa,
ya ce da babana, "Wa ya danne shi?"
Baba ya dubi ƙasa.
Wa zai ƙirga? Rabin gari ne, kuma duk masoya.

Jiya Laraba, bayan la'asar,
an girbe gero, fili ya ƙara faɗi,
Ilu ɗan Gambo mai faci, golanmu, ɗan sha biyar,
ya fito ya tari ƙwallo da fuska,
takalmi ya biyo bayan ƙwallon.
Jinin gira bai dame ni ba,
gira mai yawan kuka ce, ɗinki uku ta yi shiru.
Abin da ya tsayar min da numfashi,
baƙin idon ya karkace ya yi tsini,
ja ya kwanta a ƙasansa
kamar sauran zoɓo a gindin ƙwarya.

Sai na ga hannaye suna tahowa.
Na san su. 'Ya'yan waɗancan hannayen ne.
Na yi tsawar da ban san ina da ita ba:
"Kada wanda ya hura! Kada wanda ya taɓa!"
Na yanke kofi, na kifa gindinsa,
bakinsa a kan ƙashin gira da na kunci,
ƙwayar tana ciki ita kaɗai, ba abin da ya shafe ta.
Filasta biyu daga goshi zuwa kumatu.
"Zauna, ban da kwanciya. Ban da fyace hanci.
Ko ruwa kada ka sha tukuna."

Uwarsa ta iso da gudu, tandun kwalli a hannu.
Ban yi mata gardama ba.
Tabarau na cire, na bar ta ta duba ramin.
Ta daɗe tana dubawa,
sannan ta soke tandun a bakin zani.

Babur ɗin Mamuda, Ilu a tsakiya, ni a baya
na tallafe ƙeyarsa kamar mai kai ƙwai kasuwa,
kowane rami ina roƙon direba,
kowane rami yaron na tambaya ko ƙwallon ta shiga.
Ba ta shiga ba, Ilu. Ka tare ta.

Yau da safe aka ɗaga masa yatsu uku,
ya ce biyu, ya sake dubawa, ya ce ko uku ne.
Likita ya ce sai an ga mako, bai yi alkawari ba.
Gambo ya kama hannuna bai ce komai ba,
tafinsa duk kaushin taya.

Na dawo na buɗe akwati.
Kofi biyu suka rage.
Ranar kasuwa zan ƙaro ɗaya,
mai tireda zai sake tambaya
me nake yi da kofi, ni da ba na sayar da koko.