Mai Goge Gilashi a Hawa na Talatin da Ɗaya

A São Paulo igiya biyu ke riƙe da Odair,
ɗaya a ƙugunsa, ɗaya a zuciyar matarsa.
Guga a gwiwa, soso a hannu,
yana goge tagogin mutanen da ba su san sunansa ba.

Shekara goma sha tara sararin nan nasa ne,
shi da ungulaye da iska mai saurin sauya ra'ayi.
Can ƙasa motoci sun cushe kamar tururuwa a bakin rami,
kowa na danna ham, babu mai motsi.
A ɗaya daga cikin bas-bas ɗin nan Neuza na tsaye,
awa biyu kafin ta kai asibitin da take wanki.

Ran Talata abin ya zo.
Ba rugugi, ba hayaƙi,
sai wani zuuu, kamar ƙudan zuma ya ɓata hanya.
Fari fat, farfela takwas,
ya ratso tsakanin benaye kamar ɗan unguwa.
Odair ya leƙa neman matuƙi, ko a gaisa,
ma'aikaci da ma'aikaci.
Babu kowa a gaba. Kai, ko kujerar ma babu.

Sai wata tsohuwa a baya ta ƙanƙame jaka,
ido rufe, leɓe na motsi,
da jikanta, hanci manne da taga.
Yaron ya ɗaga hannu.
Odair ya ɗaga nasa, kumfa na gangara masa har gwiwar hannu.

Da dare 'yarsa Jussara ta ce,
Baba, idonsa ya fi ashirin.
Yana ganin waya, yana ganin tsuntsu,
kai ma ya gan ka, ya lissafa da kai, ya kauce.
Lantarki yake sha a kan rufi, in ya ƙoshi ya tashi.

Kuɗin hawa fa?
Ta faɗa.
Neuza ta yi dariya har ta ajiye cokali,
ta ci gaba da murza ƙafarta mai kumburi.

Shi kuwa bai yi dariya ba.
Ya lissafa da ni, in ji shi, a hankali,
kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Washegari, ƙarfe tara saura,
ya ɗaura igiya, ya sauka bangon gabas,
ya wanke taga ɗaya sau uku,
kunnensa na wajen iska.