Tazarar Yatsa

Shingen katakon da mahaifina ya kafa a Toledo
ya yi shekara talatin da ɗaya yana shan fenti,
har ranar da karena Biskit ya jingina da shi yana susa,
katako uku suka kwanta, kamar dama uzuri suke jira.

Na ce wannan karon na roba zan kafa,
fari, mai kauri, wanda bai san ruɓa ba.
Gilberto, mijin ƙanwata, ya iso da igiya da turaku,
fensir a bayan kunne, da ra'ayi a kan komai.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa
sai da ofishin gari ya karɓi kuɗi ya ba ni takarda,
sai da ma'aikata suka soka 'yan tutoci a ciyawa,
rawaya ga bututun gas, ja ga wayar lantarki.
Shekara nawa ina taka filin nan
ban san me ke kwance ƙarƙashin tafin ƙafata ba.

Sannan ɗan safiyo ya zo.
Ya tona, ya tono wani ƙarfe mai tsatsa,
ya ja igiya daga kansa,
igiyar ta ratsa tsakiyar lambun Dorota Wozniak,
ta bar kabejinta a can, tumatirinta a nan.
Ƙafa biyu, in ji shi, duk naka ne.
Gilberto ya ce, takarda ba ta ƙarya.

Daren nan barci ya yi mini rowa.

Da safe ta fito da kofi biyu, gashinta duk furfura,
ta dubi igiyar, ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, babanka ya san inda ƙarfen yake.
Shekarar da masana'antar gilas ta sallami mijina
da hannunsa ya matsar da turke,
ya ce ku shuka abin miya.
Ba mu rubuta ba. Wa ke rubuta irin wannan?

Na sha kofin har ya huce a hannuna,
na tsugunna na cire turken
na mayar da shi ramin da tsoho ya bari.

Sai haƙa.
An ce ramin mugunta a gina shi gajere,
amma ramin dirka a garin nan sai ya wuce ƙafa uku,
in ba haka ba ƙanƙarar Janairu ta shiga ƙarƙashi
ta turo ta sama kamar haƙori mai girgiɗi.
Rami goma sha tara. A na bakwai muka ci karo da saiwa,
a na sha biyu, cokalin wani yaro da ba wanda ya tuna.
Tsakuwa a ƙasa, siminti a kai,
ni riƙe da dirka, Gilberto yana hararar ma'auni
har ɗan kumfan nan ya daina yawo ya zauna tsakiya.
Kwana biyu muka ba siminti ya yi tunani.

Ranar jera allunan na so in matse su tam,
Gilberto ya riƙe mini hannu.
Roba tana numfashi, in ji shi,
zafi ya miƙa ta, sanyi ya tsuke ta.
Bar mata tazarar yatsa a kowane gefe,
in ka matse, a Yuli za ta gantsare.
Karon farko ke nan da ban yi masa gardama ba.

Yanzu ga shi nan, fari fat, ba ya neman fenti,
ruwan tiyo ya ishe shi wanka.
A ɓangaren Dorota na yanka ƙofa,
wadda babu ita a zanen da na kai ofis.
Sakatarta na ɗan ƙara, ban gyara ba,
don da ita nake sanin tumatir ya nuna.